Kitson 'Ya'yanmu Mata: A Sassauta Hannu a Gaban Goshi

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, mu yi magana da iyaye mata, da 'yan'uwanmu makitsa, da malaman firamare da na Islamiyya, a kan kitson ƙananan yara mata. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yawan yara 'yan shekara 6 zuwa 12 da gaban goshinsu ya fara ja da baya, saman kunnuwansu ya yi fili, alhali ba jinya suka yi ba, ba kuma gadon gidansu ba ne. Kitso ne ya cinye gashin. Abin takaicin kuma, kitson da ke wannan ɓarna shi ne wanda aka fi yabawa ranar da aka yi shi, wanda aka ɗame tamau har girar yarinya ta ɗage, fatar kai tana sheƙi, kowa na cewa makitsiyar nan ta iya.

An daɗe ana cewa kitson da bai yi zafi ba ba ya ƙarko. Ba gaskiya ba ne, kuma daga nan matsalar ta samo tushe. Abin da ke sa kitso ya daɗe shi ne gashi ya warware sarai kafin a fara, tsaga ta fita tsaf, makitsiya ta riƙa ɗiban gashi daidai wa daida a kowane saƙi, sannan yarinya ta kwana da ɗankwali. Ja ba ya cikin lissafin. Kowane silin gashi yana da saiwa a cikin fata, kuma gashin gaban goshi da saman kunne da ƙeya ya fi na ko'ina siranta. Idan aka ja saiwar nan ta kwana a ɗaure, sai wurin ya kumbura, ƙananan ƙuraje su feso a bakin tsaga, wani lokaci da farin ruwa a kansu, silin kuma ya tsinke ko ya tuge. A karo na farko da na biyu gashin kan dawo. In aka ci gaba wata da watanni, shekara da shekaru, ramin da gashin ke fitowa yakan mutu ya zama tabo, kuma in ya kai haka babu man da zai sake tsiro da gashi a wurin. Akwai alamar da uwa za ta gane da idonta: siririn layin gajeren gashi ya rage a can bakin goshi, bayansa kuma fili. Gajerun nan sun tsira ne don ba su kai tsawon da hannu zai kama su ba.

Likitocin fata sun auna abin nan. A 2007 wata likitar fata a Afirka ta Kudu, Nonhlanhla Khumalo, da abokan aikinta sun wallafa sakamakon duba kawunan 'yan makaranta da suka yi, inda suka tarar kimanin kashi 17 cikin 100 na 'yan matan suna da wannan zubewar gashi da ja ke haddasawa. A 'yan ajin farko bai kai kashi 9 ba, a 'yan ajin ƙarshe na sakandare ya kusa kashi 22, a wani binciken da suka yi kan manyan mata kuwa ya haura kashi 30. Taruwa ɓarnar take yi sannu a hankali. Sun kuma nuna cewa haɗarin ya fi tsanani idan aka yi kitso mai ja a kan gashin da aka sa wa rilaksa, wato man miƙar da gashi.

To, bari mu bi aikin daki-daki, tun daga tsifa, domin nan ake fara karya gashi kafin ma a je gidan makitsiya. Kada a tsefe kai a bushe. A zuba ruwa kofi ɗaya a kwalbar feshi, a sa man zaitun ko man kwakwa ƙaramin cokali ɗaya, a girgiza, a fesa har gashin ya yi danshi amma ba ya ɗiga. A fara warwarewa daga jela a yi sama, saƙi ɗaya bayan ɗaya, da bakin kibiya ko da yatsa. Soka kibiya a tsakiyar kitso a fizgo ƙasa yana rage lokaci, amma yana tsinka gashi. A gindin kowane kitso za a tarar da ɗan dunƙulen datti, inda mai da ƙura da gashin da ya zube suka danƙare. Da yatsu ake murje shi a raba shi kafin a je wanki. In aka yi gaggawar zuba ruwa da sabulu a kansa, sai ya cure wuri guda, ƙarshenta sai an sa almakashi.

Iyaye da yawa kan tsorata da tulin gashin da ke fita ranar tsifa. Mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 kowace rana, kitso ne ke riƙe su, don haka kitson sati biyu zai iya sakin sili kusan 1,000 lokaci guda. A duba abin da ya fita. Dogon sili mai ɗan farin ɗigo a gindinsa zubewa ce ta al'ada. Gutsattsarin gajeru a kafaɗa da kan tabarma kuwa karyewa ce, kuma tana nufin ko an taje da ƙarfi, ko gashin ya bushe da yawa.

Wajen wanki, a raba gashin gida huɗu a tufke kowane gida, a riƙa kwance ɗaya ana wankewa ana mayarwa. Fatar kai ake wankewa, da tafin yatsu ba da farce ba, kumfar da ta gangaro ta isa ta tsabtace sauran gashin. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Shamfu mai laushi ya wadatar, sabulun salo ma ya yi in an narka shi a ruwa an tsinka shi. Garin sabulun wanki da kanwa kuwa a nisanta su da kan yaro, suna tsotse man gashi su bar shi kamar tsintsiya. Bayan an ɗauraye sai karkashi, wanda a ganinmu ya fi yawancin abin da ake saya a kanti wajen warware gashin yara. Busasshen ganyen babban cokali biyu a ruwan ɗumi kofi biyu, a bar shi minti 15 zuwa 20 har ya yi yauƙi, a tace da ƙyalle don kada ɓurɓushin ya maƙale. Ba a sa masa kanwa kamar na miya. A zuba a kai, a taje da mataji mai manyan haƙora tun gashin yana da santsin nan, daga baki a yi gindi, hannu ɗaya yana riƙe da gindin gashin don kada jan ya kai fata. Sannan a ɗauraye sosai.

A tsane ruwan da tsohuwar riga mai laushi, a danna kawai, kada a goge da tawul. A nan akwai kuskuren da ko manyan makitsa na yi, wato kitsa gashi yana jiƙe sharkaf. Jiƙaƙƙen gashi yana miƙewa, in ya bushe sai ya koma ya tsuke, sai kitson da aka yi shi daidai da rana ya zama ɗauri da dare. Busasshe ƙayau kuma yana karyewa a hannu. Abin da ake so shi ne tsaka-tsaki, in an taɓa a ji sanyin danshi amma hannu bai jiƙe ba. Idan gashin yarinya mai cika ne mai dunƙulewa, a yi mata manyan kalaba 4 zuwa 6 ko kitson zare ta kwana da shi, da safe za a tarar ya miƙe ba tare da an kai shi ga wutar diraya ba.

Mai ba ya jiƙa gashi, riƙe danshin da ke ciki yake yi. Saboda haka ruwa ne farko, mai ya biyo baya. Man kaɗe babban cokali uku da man kwakwa ko na zaitun cokali ɗaya, a buga su har su yi laushi, ya isa yarinya wata guda. A kowane gida a lakato kamar ƙwayar gyaɗa, a narka a tafin hannu, a shafa a jikin gashin har bakinsa, don bakin ne ya fi tsufa, shi ya fi karyewa. Laftawa fatar kai basilin ba ya sa gashi tsawo. Gashi yana ƙaruwa ne kimanin santimita ɗaya a wata, ko ƙasa da haka kaɗan, ko an shafa ko ba a shafa ba, kuma da hunturu basilin ƙura kawai yake kamawa. Man shanu yana laushi ƙwarai, amma a shafa shi kafin wanki a wanke shi, don in ya kwana biyu a ka cikin zafi yana ɗoyi.

Yanzu zaman kitson kansa. Yarinya ta ci abinci, ta yi barcinta, a zauna da safe ko da la'asar inda akwai haske. Kujera 'yar tsugunno ko matashi, yadda kanta zai zo daidai ƙirjin makitsiya, ba a matse shi tsakanin gwiwoyi ana murɗa wuya ba. Duk bayan minti 20 zuwa 30 a bar ta ta miƙe ta sha ruwa. Muna roƙon 'yan'uwanmu makitsa su bar ranƙwashi da ƙwala wa yara mataji a ka, iyaye kuma su bar cewa "daure mana, ba kyau kike so ba?" Yarinyar da ta ce akwai zafi labarin abin da ke faruwa a saiwar gashinta take bayarwa. Ita ce kaɗai ke jin sa. Shi ya sa ma ba mu goyi bayan a lallaɓa a kitsa yarinya tana barci ba, domin babu mai cewa an ja.

Kyan kitso a tsaga yake. Tsaga ta farko daga saitin karan hanci har tsakiyar ƙeya, ta biyu daga kunne zuwa kunne, daga nan a ƙirga layuka don dama da hagu su zo daidai. Bakin kibiya ya kasance mai dakushi. In tana barin farin zane ko ja a fata, ta yi tsini, a goga ta a dutse. A ɗora ta a ja sau ɗaya, ba a yi ta karta wuri guda ba. Faɗin layi ga yara ya kai faɗin yatsa ɗaya zuwa biyu. Kitso yiri-yiri na manya ne, domin in layi ya yi siriri, silin gashi 'yan kaɗan ne ke ɗaukar nauyin kitson duka, ga daɗewa a zaune, ga wahalar tsifa.

Inda hannu ya fi bukatar natsuwa shi ne farkon layi. A bar lallausan gashin nan na bakin goshi, kamar rabin santimita, kada a tsinto shi. In an gama a shafa shi da ɗan ruwa da mai ya kwanta, ba sai an bi shi da jel da buroshi kullum ba. Saƙi uku na farko a yi su sakwa-sakwa, sai an wuce bakin goshi sannan a ɗan ƙara riƙo. Yatsun makitsiya su kasance a kwance a jikin kai. Da zarar ta ɗaga hannu sama, kitson zai yi sako-sako, sai ta rama da ja, nan ake samun ciwo. A riƙa ɗebo gashi kaɗan-kaɗan, daidai daga dama da hagu, kuma duk bayan saƙi a zare yatsa har ƙarshen silin don kada jelar ta harɗe. A wurin lanƙwasa, kamar zanen zuciya ko na maciji, gefen waje ne ke shan ja, don haka a rage ɗiba a ƙara yawan saƙi. Idan aka zo ƙeya, yarinya ta ɗan sunkuyar da kai. In aka kitsa ƙeya kanta yana ɗage, duk lokacin da ta duƙa yin rubutu ko sujada sai kitson ya fizge ta. Jela kuma a kitse ta har ƙarshe, a murɗa bakin da ɗan mai a yatsa, yawancin gashinmu zai riƙe kansa ba sai da roba ba.

Kafin a sallami makitsiya, uwa ta gwada. Yarinya ta ɗaga gira, ta runtse ido, ta kai haɓa ƙirji, ta waiga dama da hagu. In ta yamutsa fuska, akwai layin da ya ɗame. A gwada zura bakin kibiya a ƙarƙashin kitson, ya kamata ya shiga ba da ƙarfi ba. A duba bakin tsaga, in fata ta tattaro ta yi tudu, ko ana hango fararen ɗigo na saiwar gashi, a tsefe layin nan take. Ba a ba yarinya maganin ciwon kai a ce zuwa jibi zai saki. Yakan saki ɗin, amma sau da yawa don wasu silin sun tuge ne. Tsumma mai ɗumi yana taimaka wa ɗan tsamin da bai kai ya kawo ba, amma kitson da ya hana barci maganinsa tsifa, ko nawa aka biya.

Game da irin kitson da ya dace, shekaru ne ke yanke hukunci. Jaririya ba ta bukatar kitso. Maɗigarta kan kai wajen wata 18 kafin ta rufe, gashinta kuma bai yi ƙwari ba, wanki da ɗan mai da taushin hannu sun ishe ta. 'Yar shekara 2 zuwa 4, layi 4 zuwa 6 na kitson baya, ko a raba kan gida shida a yi tufka mai sili biyu, aikin da bai wuce rabin awa ba. Tufkar nan tana da kyau a kan yara fiye da yadda ake zato, ba ta ja, kuma ana tsefe ta cikin minti goma. Daga shekara 5 zuwa 8 ana iya kai wa layi 8 zuwa 12 cikin awa guda. Nan ne kwando yake fitowa da kyau, wanda ake farawa daga tsakar ka a sauko ta kowane ɓangare kamar an kifa kwando. Muna son sa ga yara saboda farkon layi, inda ja ya fi yawa, yana tsakiyar kai inda gashi ke da ƙarfi, jela ce kawai ke isa bakin goshi. Kitson Fulani ma haka, layi ɗaya a tsakiya, na gefe su gangaro ta gaban kunne. Kalaba kuma a yi ta manya, kowane gida ya kai faɗin yatsa biyu, kada a ɗame gindinta.

Shuku shi ne abin son yara, kuma shi ya fi bukatar hattara. Duk layukansa daga bakin gashi suke farawa, goshi da kunne da ƙeya, wato daga wuraren nan uku masu rauni, sannan a tattara jelar a tsakar ka a ɗaure, ja na biyu ke nan a kan na farko. Ba mu ce a daina shi ba. A yi shi da manyan layuka, a ɗaure jelar da ƙyalle ko ribom mai laushi zagaye biyu kawai, a kwance ɗaurin da dare, kuma kada a yi shi sau biyu a jere. In an yi shuku wannan karon, na gaba ya zama kwando ko tufka. Ko kitson baya ne, a riƙa sauya wurin tsaga, domin tsagar da ake maimaitawa a layi ɗaya faɗi take ƙarawa. Shuku biyu, ɗaya dama ɗaya hagu a naɗe kamar gammo, ya fi sauƙi ga ƙananan yara, don layukan gajeru ne, kuma yarinya tana iya kwanciya rigingine.

Duwatsun ado suna ƙara wa kitso kyau, amma nauyi ne da ke lilo a saiwar gashi duk inda yarinya ta yi tsalle. Uku zuwa huɗu na roba marasa nauyi a kowace jela sun isa, kuma a manyan jela, ba sirara ba. 'Yar ƙasa da shekara 3 kada a sa mata ko ɗaya, saboda abin da ya faɗo baki yake zuwa, ko hanci, ko kunne. Ƙaramar robar ɗauri a tsoma ta a mai kafin a sa, kada ta wuce zagaye uku, a jela ba a gindi ba, ranar cirewa kuma a yanke ta da almakashi, kada a zamo ta.

Sai ƙarin gashi da rilaksa, waɗanda yanzu ake yi wa yaran da ko firamare ba su shiga ba. Ta fuskar addini, hadisin da ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa yana cikin Bukhari da Muslim, malamai kuma sun yi bayani a kan zare da ulu, sai kowa ta tambayi malaminta. Ta fuskar sana'a, gashin roba ya fi ƙarfin saiwar yaro, musamman in ya jiƙe. Yana sa ƙaiƙayi, yana kama wuta da sauri, ga yaranmu kullum suna gindin murhu, kuma tsoma jelarsa a tafasasshen ruwa da ake yi don ya kwanta ya sha ƙona wuya da bayan yara. Ulu ya fi sauƙin nauyi amma yana shanye danshin gashi. Rilaksa kuwa, wani irinsa da sinadarin soda ake yin sa, irin wanda ake haɗa sabulu da shi, wanda aka rubuta wa "na yara" ma ɗan'uwansa ne mai ƙarfi. Yana karya ƙarfin sili, yana iya ƙona fata. Gashin da ake cewa ya yi tauri ba ya tajuwa, yawanci ruwa da karkashi da haƙuri ya rasa. Wadda aka riga aka sa mata, a ba ta aƙalla sati biyu kafin kitso, kuma a yi shi da sassauci ninki biyu.

Kitson yara kada ya wuce sati biyu, manyan layuka ma sati ɗaya zuwa kwana goma. Bayan tsifa a bar kan ya huta kwana ɗaya ko biyu a tufke. Da dare ɗankwali mai santsi, a ɗaura shi a kan goshi ba a kan layin gashi ba, kullin kuma kada ya riƙa zama wuri guda. Hular da ake sawa a ƙarƙashin hijabi, in robarta ta matse tana goge gashin gaba kamar yadda kitso ke yi, a nemi mai faɗin baki. Kada a rufe jiƙaƙƙen kai da hijabi a tura yarinya makaranta, gumi da danshi ne ke kawo wari da ƙaiƙayi, musamman da bazara da damina. Da hunturu kuwa a riƙa fesa ruwan nan mai ɗan mai bayan kwana biyu-biyu.

Akwai kan da bai kamata a kitsa ba sam sai an yi magani. Makero, wanda wasu ke kira kora, yana fitowa ne kamar zagayen fili mai farin gari-gari, gashin wurin ya kakkarye. Yana yaɗuwa ta mataji da kibiya da ɗankwali da matashi, shi ya sa gidan kitso zai iya raba shi ga unguwa guda. Ciwon yana cikin saiwar gashi, man shafawa kaɗai ba ya kai masa. Sai maganin sha irin su girisofulbin, na sati 6 zuwa 8, wanda likita zai auna gwargwadon nauyin yarinya, a kuma duba sauran yaran gidan. Kankare wurin da reza, ko shafa masa ruwan batir ko man birki, ƙuna ce a kan ciwo. In ya kumbura yana fitar da ruwa, a gaggauta zuwa asibiti, don irin wannan ne ke barin sanƙo na dindindin.

Hausawa sun hana kitso da ƙwarƙwata, kuma a nan maganar a zahirinta take. Ƙwanta yana manne a jikin sili kusa da fata, galibi bayan kunne da ƙeya, ba ya kaɗuwa kamar amosani, yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. Saboda haka maganin da aka saya a kemis, kamar mai fametirin, ana maimaita shi bayan kwana 7 zuwa 10, a kuma bi da mataji mai ƙananan haƙora a jiƙaƙƙen gashi. Muna roƙon iyaye da girman Allah, kada a zuba wa yaro fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona ko kananzir a ka. Gubar tana ratsa fata ta shiga jiki, ɗaure kan da leda kuma yana ƙara mata ƙarfi, an yi asarar rayuka ta wannan hanya. Mu makitsa kuma, bayan kowane kai a cire gashin da ya maƙale a mataji, a wanke shi da sabulu, a jiƙa shi minti 10 a ruwan bilic, kashi ɗaya bilic kashi tara ruwa, a ɗauraye. Mafi sauƙi, kowace yarinya ta zo da matajinta da kibiyarta daga gida.

Malam Edita, ragowar maganarmu ga malaman makaranta ne da iyaye masu shirin Sallah. Makarantun da ke sanar da kitson mako, su dubi abin da suke zaɓa. In aka ce shuku wannan makon, shuku mako mai zuwa, ko a ce sai ƙanana, to an tilasta wa yara ja a wuri ɗaya. A riƙa juyawa, a yarda kitso ɗaya ya yi sati biyu, a kuma ɗaga wa yarinyar da ke da ƙuraje ko makero ƙafa ta zo da kanta a tufke ba tare da duka ko kora ba. Kitson Sallah kuma a yi shi kwana uku ko huɗu kafin ranar. A jajibiri makitsiya tana da layin kawuna har tsakar dare, hannunta ya gaji, tana sauri, haske ya yi ƙaranci, yara suna gyangyaɗi, kuma in wani layi ya ɗame babu sauran lokacin gyara. Wanda aka yi tun da wuri, in an kwana da ɗankwali, ranar idi zai fito kamar sabo, duwatsu da ribom ne kawai za a bari sai da safen a sa.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya raya mana zuri'a.

Naku,
Wasu makitsa da wata ma'aikaciyar jinya,
Kano.